Murfin da Na Yi wa Mesar Ustaza

Ba zan taɓa mantawa da mesar Ustaza Amal ba, duk da na sha roƙon Allah Ya mantar da ni.

Ni mai yankan gilashi ne a kasuwar Gadarif. Shekarar da yaƙi ya koro mutanen Hartum, wata malamar makaranta, Ustaza Amal, ta zo shagona, wai in haɗa mata akwatin gilashi na maciji. Na zaci wasa take. Ashe marigayi mijinta ne yake kiwon wata 'yar mesa, kuma ita ce kaɗai abin da ta iya fitarwa daga gidansu, a cikin rigar matashi.

Ta yi mini bayani kamar tana aji, tana kirana Usta, yadda ake kiran mai sana'a a nan. "Usta, murfin raga nake so. Tana son ɗumi da danshi, amma dole iska ta riƙa shiga. Kuma kada rana ta doki gilashin."

Na ce, "Hadir, an gama, Ustaza." (A raina kuwa cewa nake, yau 'yar Hartum ce za ta koya mini gilashi?)

Da rani ya shigo sai ta dawo da damuwa. In ta yayyafa ruwa da safe, kafin azahar ya bushe, har saɓar mesar ta maƙale mata a ido. Za ta je garin Hawata kwana biyu, ta roƙe ni in leƙa in ga abin yi. Mahaifiyarta na gida, amma tsohuwar ko ƙofar ɗakin ba ta kusanta.

Na je, na yanke hukunci ni kaɗai: ragar ce ke shanye danshin. Na cire ta, na sa kwanon ruwa a ciki, na ɗora murfin gilashi mai kauri, na liƙe gefensa da gam ɗin silikon tsaf. Sannan na ja akwatin bakin taga don ta samu ɗumi. Abu biyu ta hana ni, duka na yi.

Ranar da ta dawo har da gayya na je, ni da maƙwabtan shagona, Babikir kafinta da Haj Adam. Gilashin ya yi gumi, ba a ganin ciki. Na buga ƙirji na ce, "Ga danshi nan, Ustaza! Ko damina sai haka."

Ta kama murfin, ya ƙi motsi. Ta juyo a hankali.

"Usta, ta ina take numfashi?"

Na zaro wuƙa na hau yankan silikon. (Ban taɓa liƙi mai kyau irin wannan ba, shi ya sa ya ƙi yankuwa.) Da murfin ya ɗago, tururi da wari suka buge mu. Babikir ya toshe hanci ya ce, "Ya zol, kai mutumin nan, dafa ta ka yi!"

Da ma ta zage ni, da na samu sauƙi. Naɗe gawar mesar ta yi a gefen tob ɗin da ta yafa, ta ce, "Ma'alesh, ba komai, Usta. Allah Ya yi ba a Hartum za ta mutu ba."

Na koma ba ta haƙuri sau uku. Kullum sai ta aiko mini da shayi, amma ba ta fitowa. A kasuwa kuwa har yau "Usta Tukunya" ake kirana, kuma ina amsawa.

Yanzu in mai aiki ya ce a bar masa rami, ina bari. Ni gilashi kawai na sani, abin da za a sa a ciki kuwa mai shi ya fi ni sani.