Haƙorin Kawu Bello da Ya Daina Ciwo

Ba zan taɓa mantawa da hutun shekarata ta biyu a makarantar likitan haƙori ba. A ƙauyenmu, can kusa da Suki, ranar da ka shiga makarantar likita, ranar ka zama likita. Tun ina aji ɗaya ake kirana diktora, ni kuwa ban taɓa cewa a daina ba.

Na dawo gida kaina cike da darasi guda, na ƙwayoyin halitta da ake kira faibroblas. Suna cikin ɓargon haƙori, wato laushin nan na tsakiya. Su ke saƙa zaren da ke riƙe ɓargon, in ya ji rauni su taya yi masa faci. (Babin da ya faɗi iyakar ƙarfinsu kuwa na bar shi sai bayan hutu.)

Sai ga Kawu Bello, yayan mahaifiyata, dafe da kunci. Kwana huɗu ko jabana, gahawar da ba ya fashi, bai iya kurɓa ba.

"Diktora, mi kika gani? In tai musatashfa a cire shi?" Asibiti yake nufi.

"A'a Kawu, akwai masu gyara a ciki. Ka ba su lokaci."

Kwana biyu ciwo ya ɗauke ɗif. Kawu ya bi gonaki yana ba da labarina, har mata suka fara kawo mini bakunansu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ran kwana takwas aka tashi da shi fuska suntum, ido ɗaya ya rufe, jiki zafi rau. A bayan motar da ta kai mu asibiti mahaifiyata ta tallafe kansa. Ni dai numfashinsa nake saurare.

Likitan, wani dattijo, ya duba bakin ya ɗago.

"Wa ya ce ka jira?"

Kawu ya nuna ni, kuma wallahi da alfahari. "Ɗiyata. Ita ma diktora ta."

Ɗakin cike yake da 'yan uwa. Likitan ya juyo a hankali.

"To, diktora, in haƙori ya yi kwanaki yana ciwo sannan ya yi shiru farat ɗaya, me ya faru?"

Shi ya ba da amsar da kansa.

"Ɓargon ya mutu ne. Masu gyaran naki sun mutu tare da shi, ruɓar ta gangara muƙamuƙi. Da kun ƙara kwana biyu, da ba zancen haƙori muke yi ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Kwana uku Kawu ya yi a kwance, aka cire haƙorin. Bai taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi cin raina ke nan. Yanzu duk wanda ya buɗe mini baki a ƙauye, in ban tabbata ba sai in ce, "Ban sani ba, mu je a duba." Maganar ba ta da daɗin faɗi, amma ba ta taɓa kumbura wa kowa fuska ba.