Rasuwar Hajiya Firjin Ƙwan Kwaɗi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai sauka ba, nake sanar da rasuwar Hajiya, firjin ɗakin bincikenmu, wadda na yi shekara goma sha huɗu ina goge wa jiki.

Ranar Litinin labarin ya same ni, ina riƙe da bokiti a bakin ƙofa. Ɗalibar Farfesa na gani zaune a ƙasa, kwanon gilashi a cinyarta, ta kasa ko gaishe ni.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma yarinyar nan ta fahimtar da ni aikin marigayiya. Ƙwan kwaɗo da umarnin uwarsa yake fara girma, sai wata sa'a ta zo ya koma bin nasa. Wannan sa'ar ɗalibar take farauta shekara uku. Sanyi ke rage wa ƙwan gudu, shi ya sa Hajiya ke riƙe su har a zo a duba. Ba ta taɓa cin amana ba. Maganarta ɗaya ce, "Zuuuu," in ta gaji ta ce, "Ƙat."

Jinya ta fara ne daga robar ƙofa. Sau tara ina hawa bene wurin mai gyara, kullum a ce mini sai an sa hannu a takarda. Da tsohon ɗankwalina na riƙa ɗaure ta. Ranar Juma'a ana jiran baƙi, wani mai son burgewa ya kwance shi, wai ya ɓata ɗakin. Ƙofa ta saki, Hajiya ta yi ta fama ita kaɗai har numfashinta ya ƙare.

Ƙwai suka ji ɗumi suka ruga. Sa'ar ta wuce ba mai kallo, duk sun yi wutsiya. Ɗalibar kuwa ƙarshen wata lokacin karatunta ke cika, ta fara haɗa kayanta.

Marigayiya ta bar talibambam ɗari uku, ɗaliba guda, da ni.

Za a fitar da ita ranar Alhamis da hantsi zuwa bayan ɗakin ajiya. Takardar fitarwa dai an sa mata hannu rana ɗaya. Mai gyara ya huta, ba sai ya zo ba.

Marayun suna hannuna. Kullum da safe nakan zuba musu abinci, in ƙirga wa ɗalibar su, ko da ba ta tambaya ba.