Ranar da Kwamfuta Ta Tona Mini Asiri Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da gasar kacici-kacicin da muka yi da wata makarantar Batsari ba, shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo har mu malaman Safana muka jingine babura muka koma sayyada. Ni ne malamin kwamfuta, kuma ni na bugi ƙirji gaban firinsifal na ce bana babu rubuta maki da alli. Zan haɗa manhaja da hannuna, majigi ya haska sakamako a bango. (Gaskiya akwai wanda nake son burgewa: firinsifal ɗin Batsari mahaifin matata ne, mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba.)

Man janareta ɗan kaɗan aka saya, don haka sai safiyar ranar na samu yin gwaji. Na miƙa wa wani sashe na manhajar jerin sunayen makarantun, na sa ya sauya su da na wasa, don in ga yadda dogon rubutu zai zauna a bango. Na yi ta zuba mana maki ina dariya ni kaɗai. A tunanina kwafi na ba shi, na asali na nan lafiya. Da na gama ban rufe manhajar ba, murfin kwamfutar kawai na kifa.

Baƙi suka iso da hantsi a bayan a-kori-kura, kowa na son komawa gida da rana saboda halin da hanya take ciki. Na durƙusa na gaida Baba, surukin nawa. Ɗaki ya cika, aka yi addu'a, firinsifal ɗinmu ya ce, "Malam, bismilla, nuna musu zamani."

Na ɗaga murfi na danna sabuwar gasa. Sai ga shi ɓaro-ɓaro a bango: ZAKUNAN SAFANA, maki ɗari-ɗari har sun kusa dubu. A ƙasa kuma: SURUKAINA MASU BARCI, sifili.

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Wani malamin lissafi na Batsari ya miƙe yana cewa, "Tun ba a fara ba an yi maguɗi!" Baba kuwa cire tabarau ya yi, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake karantawa. (Da ƙasa ta tsage a lokacin, wallahi da takalmana zan shige.)

"Kashe, Malam! A kawo alli!" in ji firinsifal ɗinmu.

Har na kai hannu, sai na dubi ɗalibaina. Akwai 'yan Runka a cikinsu da iyayensu suka baro gonaki suka dawo gari, yaran da suka yi ta bita da yunwa a cikinsu. In na kashe, ko sun ci za a ce sata muka yi. Na miƙe na fuskanci surukina.

"Baba, a yi mini afuwa, wautata ce. Amma maguɗi babu, bari in nuna."

Na hasko rubutun manhajar a bango. Na ce jerin sunaye idan aka miƙa shi ba kwafarsa ake yi ba, inda yake ajiye ake nunawa. Kamar ka ba mutum makullin rumbu ne maimakon ka auna masa kwano ɗaya, duk abin da ya taɓa naka ya taɓa. Makin kuma na ajiye shi ne a irin ma'ajiyar da ba ta mantuwa, ko an fara sabuwar gasa tana riƙe da na baya, sai an rufe manhajar gaba ɗaya. Na kira malamin lissafin ya tsaya a kaina. A gabansa na gyara wuraren biyu, na sake tayar da ita. Sunaye suka fito da mutuncinsu, sifili da sifili. Ya gwada da hannunsa, ya ce, "Na yarda."

Baba ya gyara zama ya ce, "To, masu barci sun farka. A fara."

Aka fafata kamar ba gobe, kuma yarana suka cinye da guminsu, babu mai bakin magana. Da za su hau mota Baba ya yafito ni. Na durƙusa ina jiran hukunci.

"Bayanin rumbun nan ya shiga kaina," ya ce. "Ka riƙa zuwa ranar Asabar kana koya wa nawa yaran. Man babur a wuyana."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Matata ta tare ni a ƙofa tana cewa, "Sannu da zuwa, zaki. Mu masu barci ba mu dafa komai ba."

Darasin da na ɗauka? Komai za ka miƙa, ka san ko kwafi ne ko na asali. In kuma gwaji za ka yi, rubuta "wane" da "wance" ka huta, don kwamfuta ba ta san kunyar suruki ba.