Harsashin Ɓauna a Manassas

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na gama digiri na biyu ba, kuma ba digirin ne ya sa ba. Abin da na yi wa kaina ne a gaban mahaifin Rahama.

Lokacin na samu aiki a wata cibiyar ajiye bayanan kwamfuta a garin Sterling na Amurka, ina kuma neman auren Rahama. Mahaifinta, Dakta Sani, likita ne da ke zaune a garin Manassas, ba nisa da nan, mutum mai tsadar magana. Na yi ta zuwa gaisuwa, bai kore ni ba, amma bai ce in turo magabatana ba, kuma wannan kalmar kaɗai nake jira. Wata rana bayan sallar Juma'a ya dube ni ya ce, "Injiniya, kana harbi?"

"Ina ɗan taɓawa, Baba," na ce. (Kwalba na taɓa harba da danƙo a Zariya, ita ma, in ban manta ba, ban same ta ba.)

Ashe duk kaka Dakta yakan tafi farautar barewa da amininsa Alhaji Isa, mutumin Kumasi mai tuƙa taksi a filin jirgi, naman kuma Hajiya, matar Dakta, ta yi kilishi a raba wa dangi. Ya ce bana da ni za a je. Da na gaya wa Rahama a waya, ta ce, "Ka dai yi a hankali. Abba a daji yake karanta mutum."

To, ni a fannin yin a hankali ba na jin akwai wanda ya fi ni. Na shiga ajin koyon farauta, na yanki lasisi, na sayi tsohuwar bindigar farauta, na kuma gwada ta har na fara samun allon da ake auna harbi. Da na tsaya nan da lafiya lau.

Sai na fara karanta hukuncin farauta. Na ga cewa in ka harbi dabba ta gudu da rauni, aka tsince ta daga baya a mace, malamai sun yi saɓani a kan cin ta. Hankalina ya tashi. Idan harsashina ya yi ƙanƙanta fa? Idan na ciyar da gidan surukai mushe fa? Na yi ta bin zaurukan mafarauta a intanet har na yanke shawarar da na ga babu kokwanto a cikinta: a ƙara wa bindigar girman harsashi.

Na kai ta wurin wani dattijon Bature maƙerin bindiga. Ya ce sai an sauya mata bututu, a kuma yanka gurbin harsashin daidai da sabon. Da na nuna masa wanda nake so, mai tsawon yatsana na tsakiya da kaurin babban yatsa, ya leƙo ta saman tabarau ya tambaye ni ko ɓauna zan je harba a gida Afirka. Na ce masa ba a san abin da gaba za ta kawo ba.

Aikin ya ja lokaci, ban karɓo ta ba sai ana gobe za mu je filin gwajin harbi mu daidaita saiti. Wato ko sau ɗaya ban harba ta ba.

A filin, da na fito da harsashin, Alhaji Isa ya karɓa ya auna a tafin hannu. "Ei! Injiniya, barewar ta ci maka bashi ne? Wannan ai igwa ka kawo mana."

Na yi masa bayani dalla-dalla a kan nauyi da gudu da saɓanin malamai. Na ji daɗin bakina ƙwarai. Dakta ya jawo kujerarsa ta naɗewa, ya kafa ta daidai bayana, ya zauna cikin farar rigarsa yana shan shayi.

A nan matsalar ta taso. Na sani sarai yadda ake tsayawa a harba babbar bindiga: ka ware ƙafa, ka ranƙwafa gaba, ka danna gindin bindigar a kafaɗa, ka turo ƙugu baya. Amma baya ina? Baya fuskar Dakta. Ni da ko zama kan kujera ba na yi a falonsa, yau in tsaya in turo masa mazaunai yana shan shayi? In ce masa ya matsa kuma, ai bakina ba zai iya ba.

Saboda haka na yi abin da nake ganin ɗan mutunci zai yi. Na haɗe ƙafafu, na miƙe sak kamar mai bin sahu, na shigar da ƙugu ciki, na ɗan karkace don kada in ba shi baya gaba ɗaya. Don in ga allo da kyau na matso da ido dab da madubin saiti.

"Buɗe ƙafa mana!" in ji Alhaji Isa. Da abin toshe kunne a kaina, na yi kamar ban ji ba.

Na yi bisimilla, na ja kunama.

Ƙarar ban tuna ta sosai ba. Abin da na tuna shi ne madubin ya sare ni a gira, ƙasa ta gudu daga ƙarƙashina, na yi baya taga-taga, na ji wani yana ihu "Wayyo Inna!" da muryata. Sai na ji na sauka a kan abu mai laushi da ɗumi. Cinyar Dakta ce. Ɗumin kuma shayi ne.

Mai kula da filin ya rugo ya karɓe bindigar. Alhaji Isa ya durƙushe yana dukan ƙasa. "Dakta, barka! An haifa maka ƙato!"

Na yunƙura in tashi, jiri ya mayar da ni. Dakta ya riƙe ni da hannu ɗaya kamar yaron da aka kawo rigakafi, ya danne girar da hankicinsa, jinina na ɗiga a farar rigar. "Zauna," ya ce. "Ka riga ka zauna."

A gidansa ya ɗinke ni, a teburin cin abinci, Rahama na leƙe daga kicin da mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Yana ɗinki ya tambaye ni dalilin wannan harsashi, na faɗa. Ya tambayi dalilin wannan tsayuwa, na faɗa, idona a ƙasa. Ya ci gaba da ɗinkinsa, har na fara tsara yadda zan nemi canjin aiki zuwa wata jihar.

"Mutumin da ya gwammace ya fasa fuskarsa da ya juya mini baya," ya ce yana yanke zare, "ba shi da wayo, amma ba zai wulaƙanta mini 'ya ba. Ka ce wa kawunnanka su kira ni. Bindigar kuma ka bar ta a gida. Wuƙa za ka riƙe mana."

Abin da na koya, in ma na koyi wani abu, shi ne kunyar suruki abu ne mai kyau, amma in za ka ja kunamar babbar bindiga, daure ka ce, "Baba, don Allah a ɗan matsar da kujera."