Ankon Zumunta a Bakin Injin Oga Sande

Ba zan taɓa mantawa ba da kalandar matan cocin Mama Ladi, kuma duk ranar da na tuna sai raina ya ɓaci. Ba da kowa nake fushi ba, da wannan ƙaton kan nawa nake.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kowane ɗan takarar kansila fosta yake so, mu masu hoto muka ga kasuwa ta buɗe. Na ajiye fim, na sayi kyamarar zamani da kwamfuta 'yar gwanjo, na kafa a shagona na Tirkaniya. (Ni da firamare ma da ƙyar na ƙarasa, sai ga ni ina danne-danne kamar injiniya.)

Mama Ladi maƙwabciyata ce, ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu. Kalandar sabuwar shekara suke so, da hotonsu su duka cikin ankonsu, shuɗi mai haske. Wasu suka ce a ba ɗan coci aikin, don a lokacin garin babu daɗi, kowa na kallon kowa a kaikaice. Ita ta kafe. "Baban Hauwa namu ne, ni na tsaya masa."

Na ɗauki hoto, na zauna gaban kwamfuta na yi ta ƙara wa shuɗin nan ƙarfi har yana ɗaukar ido. Na kai wa Oga Sande, mai injin buga takardu a Barnawa. Ya buɗe ya duba.

"Mai hoto, wannan RGB ne fa. Ba ka juya shi CMYK ba? Bari in fitar maka da samfur guda ka gani tukuna."

Wallahi ban san ko sunan magani yake kira ba. Amma shagon cike yake da yaran 'yan siyasa, suna jina. Sai na hura hanci. "Oga, tun kana goye nake hoto. Abin da ke kan allo shi za ka buga. Ban zo makaranta ba."

"To, kai ka sani," in ji shi.

(Daga baya na gane: allo da haske yake yin kala, inji kuwa da tawada huɗu. Akwai shuɗin da haske ke bayarwa wanda tawada ba ta iya kaiwa gare shi, sai ta ba ka abin da ya sawwaƙa. Da na juya hoton, da na ga haka tun a shagona na gyara.)

Ranar Lahadi aka gayyace ni ƙaddamarwa, aka ba ni kujerar gaba. Ƙunshin kalandar da na karɓo daga inji ma ban buɗe ba, don isa. Fasto ya ɗora hannu ya yi addu'a, Mama Ladi ta yage takarda ta ɗaga guda sama tana murmushi.

Shunayya. Anko gaba ɗaya ya koma shunayya, fuskoki sun dushe kamar an shafa musu toka. Kuma shunayya ita ce kalar ankon su Saratu, matan da suka yi rigima da su suka ɓalle suka koma wani coci. Ko gaisawa ba sa yi.

Wata tsohuwa ta gyara tabarau. "Ladi, yaushe muka koma wajen su Saratu ba a gaya mana ba?"

"Ai mun faɗa, ta ƙi ji!" wata ta ɗauka daga kujerun baya.

Maimakon in yi shiru, sai na miƙe. "Jama'a, laifin mai inji ne, ɓarnar tawada ce!"

Sai na ji murya daga cikin 'yan kwaya, mawaƙan cocin: "Na ce ka ga samfur, ka ce ba ka zo makaranta ba." Oga Sande ne, cikin rigar waƙa. Ashe cocinsu ne. Wa ya gaya min?

Mama Ladi ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi, "Baban Hauwa, zauna." Da zaɓen shugabanninsu ya zo, wata suka ɗora. Har yau tana aiko mana da shinkafar Kirsimeti.

Yanzu ko hoton akuya zan buga sai na ga samfur a takarda, a hasken rana. In kuma aka jefo min haruffan da ban sani ba, sai in ce, "Ban gane ba, maimaita." Na lura faɗin haka bai taɓa kashe kowa ba.