Barau da Kofi Biyu

Wani mutum ne a unguwarmu, Barau mai gyaran rediyo. Kai, Barau! In ka ce ka taɓa hawa jirgi, shi sai ya ce ya taɓa tuƙa shi.

Ran nan ya dawo daga Kano da ɗan akwatin fentin ruwa da wani siririn buroshi. Kafin la'asar ya zama gwanin zane. Wai a Legas ya koya, shekara da shekaru, alhali ko ledar akwatin bai ɓare ba.

Duk wannan don Lantana ne, bazawarar da ke sayar da zoɓo a bakin tasha. Ya daɗe yana zarya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da cika bakin ya ishe ta, ta ce, "To Malam Barau, zana mini dutsen bayan gonarmu. In ya fito, turo manyanka."

Ya bugi ƙirji. "An gama!"

Washegari suka ɗunguma gonar, shi da ita da abokinsa Mati, suka zauna gindin tsamiya. Lantana ta zuba masa zoɓo a kofi, ta ajiye kusa da kofin wanke buroshi. Barau ya manna takarda a allo, ya juya musu bayan allon, wai ba a leƙa aikin gwani sai ya bushe.

Ya shafa kore, ya shafa shuɗi, ya wanke buroshi, ya ƙara. Fenti ya cakuɗe ya koma miyar kukar da ta kwana. Gumi ya karyo masa. Ido na kan takarda, baki na ta zuba, hannu kuwa ya ɓata hanya, sai tsoma buroshi yake cikin zoɓo, caɓal, caɓal, yana shafawa.

Can sai zuuu! Ƙudaje da ƙudan zuma suka yanyame takardar.

Mati ya ja da baya. "Barau, lafiya kuwa?"

"Kun gani ko? Furannin da na zana ne, har zuma ta ɗauka na gaske ne!"

Don ya nuna ko a jikinsa, ya suri ɗaya kofin ya kafa kai, ƙwat, ƙwat, ƙwat. Wayyo, ruwan fenti! Idanunsa suka kawo ruwa, amma girman kai rawanin tsiya, ya haɗiye.

"Lantana, zoɓonki babu na biyunsa," ya ce, ya washe baki.

Mati ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Haƙoran Barau kore shar, harshe shuɗi.

Lantana ta dubi kofin zoɓonta, ga buroshi tsaye a ciki. Ta kore ƙudajen ta leƙa takardar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta gyara mayafi.

"Malam Barau, kar ka wahalar da manyanka. Dutse dai bai fito ba, amma ciyawar gonarmu, ga ta nan a haƙoranka."