Yadda Za Ka Mayar wa Bishiyar Surukarka Ganyenta

Surukarka ta tafi ƙasar Sifen shan rana, ta bar maka amanar 'yar bishiyarta ta elm, wadda ba ta wuce gwiwa ba amma ta fi ka daraja a gidan? Kwantar da hankalinka. Maƙwabcina Desmond ya bi hanyar nan a ƙauyenmu na Shropshire, sakamako kuwa tabbas ne.

1. Karɓi amanar da ƙarfi

"Ruwa kaɗan in ƙasa ta bushe, kada a ƙara komai," in ji Winifred, surukarsa. Shekara tara tana kiran bawan Allah "mijin Gillian", burinsa a duniya ta kira sunansa ko sau ɗaya. Ka ce ba komai.

2. Firgita

Nuwamba na kamawa ganye zai yi rawaya ya fara zuba. Kada ka tambayi kowa. Mu nan gara mutum ya ɓata da ya tambayi hanya.

3. Yi wa bishiyar magani

Ba ta shayi da madara. Abin da ya raba mu da baƙin ciki tun kakanni ba zai gagara a kan itace ba. In ganyenta ya ƙarasa zubewa, laifinta ne.

4. Nemo gam da koren fenti

Tsince ganyen, ka shafa, ka liƙa ɗaya bayan ɗaya. Ƙanana ne kamar farce, Desmond kwana huɗu ya yi a durƙushe cikin yayyafi. Da na leƙo ta shinge na ce, "Yau da sanyi." Ya ce, "Ai da sauƙi." Kai ma kada hirar ta wuce nan.

5. Tarbi surukar da fara'a

Winifred ta ɗora tabarau, ta daɗe tana kallon koriyar bishiya ɗaya tilo a duk unguwar.

"Desmond," ta ce, "shekara talatin tana zubar da ganye kowace kaka, ta fito da sabo da bazara. Ban taɓa ganin sakarai irinka ba. Ɓamɓare su, kada ka karya mini reshe."

Ya koma ya durƙusa yana murmushi har kunne. Matarsa ta ce, "Zaginka fa ta yi."

"Na ji. Amma kin ji da wane suna ta fara?"

Gargaɗi: Ni shawara na bayar. Ciwon gwiwa, mura da fentin da ya ƙi fita duk naka ne, in kuma taka surukar ba ta san sunanka ba sam, babu ruwana.